Yadda Za Ka Zama Masanin Yaƙi da Ta'addanci da Larabcin da Ba Ka Ji

Ɗan'uwa ma'aikacin shari'a, matso kusa. Idan ka bi matakan nan yadda na tsara su, na yi maka alkawari cikin mako biyu za ka dawo Kafanchan da takardar shaida mai hatimi ruwan zinariya, da jaka mai tambari, da sabon suna: Masani. Ba sai kana jin Larabci ba. Ni Abednego, lauya mai gabatar da ƙara, na gwada da kaina, kuma har yau Larabcina bai wuce gaisuwar da nake tsinta a bakin 'yan kasuwa ba.

Mataki na 1: Kare layinka

Wasiƙa za ta zo daga wata ƙungiyar ƙasashen waje. Horo ne ga masu aikin shari'a a kan ƙararrakin ta'addanci, a wata ƙasar Larabawa, kuma da Larabci zalla. Kada gabanka ya faɗi. A ofis irin namu ba a tambayar wa ya dace, ana tambayar layin wa ya zo. Bita bi da bi ake zuwa, kamar ɗiban ruwa a famfon unguwa.

A ofishinmu akwai Kubra, ƙaramar lauya, wadda ta sha Larabci ta ƙoshi kafin ta karanta shari'a. Sai dai ta riga ta cinye layinta tun watan Maris, da aka tura ta Kaduna bitar yadda ake amfani da tukunyar kashe gobara. Idan taka Kubrar ta ce, "Oga, ai da Larabci za a yi," ka dube ta da tausayi ka ce, "Ƙanwata, tsari tsari ne." A fom kuwa, inda aka tambaya ko kana jin Larabci, ka rubuta "sosai".

Mataki na 2: Kulle durowa, ka tafi da makulli

Kada ka kuskura ka bar wa kowa fayil. Idan aiki ya tafi daidai ba ka nan, za a gane ana iya yi ba kai.

A lokacina fayil ɗin Kumai ne a sama. Manomin citta ne daga Nok. A watan Yuni aka tare shi a shingen hanya da buhu uku na takin zamani a bayan babur, wani ya ce irin takin da ake haɗa bam da shi ne, aka kai shi gidan yari jiran shari'a. Rasit ɗin takin na cikin fayil. Wasiƙar mai unguwa na ciki, ta fasto ma na ciki. Abin da ya rage kawai in sa hannu a ƙarƙashin layi ɗaya: babu tuhuma. Aikin minti biyar ne, babban ma'aikaci kuwa ba ya zubar da girmansa a kan aikin minti biyar.

Matar Kumai, Afiniki, duk Talata sai ta hau babur ta zo.

"Oga, taki ne kawai," in ji ta. "Citta muke noma, kowa a Nok ya san shi. Gonan yana lalacewa. Yara suna tambaya Baba."

Ga amsar da za ka haddace: "Madam, ki yi haƙuri. Saboda irin maganar mijinki ne ma zan je ƙaro ilimi." Za ta yi maka godiya. Ni har addu'ar sauka lafiya ta yi mini.

Mataki na 3: Koyi gyaɗa kai

Wannan shi ne ainihin karatun. Ka zauna a layi na uku. Layin gaba ana yi musu tambaya, na baya ana zarginsu da barci.

Idan malami ya ɗaga murya, gyaɗa da sauri. Idan ya yi ƙasa da murya, gyaɗa a hankali, ka ɗan lumshe ido kamar abin ya taɓa ka. Idan aka yi dariya, ka jira kaɗan sannan ka shiga, ka kuma riga kowa dainawa. Biro kada ya huta a hannunka. Ni jerin tsaraba na rubuta, shafi goma sha ɗaya, har wani alƙali da ke gefena ya dafa kafaɗata don yabo.

Idan aka nuna ka da yatsa, ka ce "na'am" da nauyi. Rana ta shida na faɗe ta, ɗaki ya ɗauki tafi. Har yau ban san abin da na amince da shi ba.

Mataki na 4: Hoto

Ka tsaya kusa da malami, katin wuyanka na kallon kyamara. Ka tura wa zauren WhatsApp na ofis, da na coci, da na 'yan garinku. Ilimin da ba a ɗauke shi hoto ba, wa zai shaida an yi shi?

Mataki na 5: Ɓoye littafin

Za a ba ka ƙaton littafi. Ka ajiye shi a kan tebur inda baƙo zai gani, amma kada ka bari mai iya karantawa ya taɓa. Ni na yi sakaci, Kubra ta tafi da shi gida. Washegari sai ga ta a ƙofa, ta sa yatsa a tsakiyar shafi.

"Oga, babi na huɗu ya ce kayan gona da kowa ke saya ba hujja ba ne sai da wata shaidar. Ya ce tsare mutum babu tuhuma shi ke sa mutanen gari su daina kawo rahoto. Wallahi kamar don Kumai aka rubuta."

Ka gyara zama ka ce, "Ke littafi kika karanta. Ni can na je."

Sannan ka tuna yanzu kai Masani ne. Fayil da kalmar bam a ciki ba ya fita daga hannun Masani da arha. Ka rubuta a bayansa "ana ci gaba da nazari", ka mayar durowa. Haka na yi, Kumai ya ƙara wata biyu.

Mataki na 6: Rataya takardar can sama

Sama sosai, kusa da silin. Ni daidai ido na rataya tawa, a nan ne na kwafsa.

A watan Nuwamba, lokacin tonon citta, Afiniki ta shigo, hannayenta duk sun tsage. Ita kaɗai ta tona abin da ciyawa ta bari. Ba ta roƙe ni ba a ranar. Tsayawa ta yi tana kallon takardar.

"Oga, mene aka rubuta a nan?"

Na gyaɗa kai yadda na koya. Ta juya wurin Kubra. "Anti, karanta mini."

Kubra ta karanta, ta fassara a hankali: ana shaida cewa mai wannan suna ya ƙware wajen kare haƙƙin wanda ake zargi, da hanzarta shari'a, da hana tsare marar laifi.

Afiniki ta dubi takardar, ta dube ni, ta sake duban takardar.

"To ina mutumin? Ku kira mini shi. Shi ne nake nema tun watan Yuni."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na lalubo makulli, na ciro fayil ɗin Kumai, na sa hannu. Kubra ta duba agogo, ta ce minti huɗu ne.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin cittar da ba ta yi ba, ko wata biyar da wani ya kwashe a gidan yari saboda takin gonarsa, ko duk abin da ka amsa da "na'am" a ƙasar mutane. Matakan sun yi aiki, takardar ta gaske ce, hatimin ma na nan yana ƙyalli. Idan kuma wata Afiniki ta tsaya a gabanka tana tambayar ina mai sunan, kada ka turo ta wurina. Ni ma tun ranar nake nemansa.