Wayar da Na Bi Har Bayan Ofis

Ranar da za a rufe rajistar takin zamani, manoman Damri suka cika ofishin ƙungiyarmu a Talata Mafara, intanet kuwa ta ƙi zuwa. Sakatare ya ce a kira mai gyara. Ni da na taɓa kwas ɗin kwamfuta, na naɗe hannun riga na ce, "Haba Malam, ina zaune?"

Na jawo wata shuɗiyar waya da ta shigo ta taga, na cusa wa laftof. Shiru. Na kashe, na kunna, na hura ramin, na yi bisimilla na sake cusawa. Alhaji Ummaru, dattijon manoman, ya leƙo ta kafaɗata.

"Ɗana, mi ya hana ta magana?"

"Hadari ne, Baba. In ya haɗu ta wajen Bakura, saƙo ba ya wucewa."

Ya dubi sama, ga ta tas. Ya ce, "Ikon Allah."

Abin ya ɗaure mini kai, har na so in ga daga ina wayar ta fito. Na fita ina bin ta, manoma na biye da ni. Ta bi bango, ta zagaya bayan ofis, ta ƙare a ɗaure a reshen darbejiya, zannuwa biyu na shanye a kanta. Ashe tsohuwar waya ce, matar maigadi ta mai da ita igiyar shanya.

Da wayar hannun sakatare aka yi rajistar. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya! Mun yi wanki, a ara muna intanet!"