Rigar da Na Saƙa wa Caja

Ba zan taɓa mantawa da wannan ƙaurin ba, na roba da ulu da suka ƙone tare. Har yau in na shaƙi irinsa sai kunya ta rufe ni.

Shekarata ta farko ce a jami'a a Kalgo. Mu shida ne a ɗaki, biyar sun san juna tun sakandare, ni ce ta shidan. Ba sa tsangwamata, mantawa kawai suke ina nan. In suna hira sai in juya ga bango in yi kamar ina karatu (shafi ɗaya nakan yini a kai).

Abu ɗaya na lura: duk sanda aka kawo wuta, faɗa ake a kan soket. Da na je hutu gida Gwandu, sai na ga wata caja mai baki huɗu a teburin wani mai kayan waya, araha kamar kyauta. "Hajiya, wagga kafin ki idar da sallah ta cika waya," in ji shi. Ni kuwa ba caja na gani ba, ƙawaye huɗu na gani.

Dabarar ta yi aiki. Aka fara zuwa bakin gadona. Hauwa'u, wata doguwa mai yawan dariya, takan jona wayarta ta zauna jira, har ta tambaye ni me nake rubutawa. Na soma ji da cajar nan. Ɗuminta ma daɗi yake mini, kamar 'yar kyanwa a gefen filo. Da na ga tana tsagewa a gefe, sai na ɗauko kwarashin saƙa da ragowar ulun Innata na saƙa mata riga ruwan hoda, har da fure a gaba (ku yi dariyarku, na yafe). Ƙarar zzz da ta fara yi kuma, don kada a ji a guje ni, sai na riƙa tura ta ƙarƙashin filo.

Wata Laraba da hantsi muka jona wayoyi muka tafi aji. Ina dawowa na hango mata cirko-cirko a tsakar gida, wasu da bokiti, hayaƙi na fita ta tagarmu. Allah ya taimaka wata ta kashe wutar lantarkin ginin da wuri, ba wanda ya ji ciwo. Filona ya ƙone rabi. Batirin Hauwa'u ya kumbura kamar waina har ya ɗaga murfin wayar.

Sai ga matar da ke kula da ɗakunanmu ta fito, ta tsire wani baƙin abu a kan sanda. Furen nan bai ƙone ba.

"Wa ad da wanga abu?"

Aka shiga kallon-kallo.

"Ni dai tambaya nikai. Wace mai tausai ta ɗinka ma caja riga? Sanyi taka ji?"

Dariyar da aka fashe da ita, ina jin har bakin titi an ji ta. Na ɗaga hannu a hankali kamar 'yar aji ɗaya.

"Ke ɗiya, abin da ka neman iska shi kika lulluɓe? Saura ki goya ta."

Daga ranar sunana ya koma Uwar Caja. Bakin gadona ya koma yadda yake a da, ni da bango. Na nemi gafarar Hauwa'u ina kuka, ta ce ba komai, amma kunya ta sa na riƙa kauce mata, har ta canja ɗaki. Na dai koyi cewa caja in ta yi zafi ko ta yi ƙara, cire ta ake yi, ba rarrashi ba.

Bayan mun gama karatu muka haɗu da Hauwa'u a wani bikin suna a garin Malisa. Na tayar da zancen, na ce har yau ina jin nauyin wayarta.

Ta yi dariyar nan tata. "Wai cajarki? Ai ba ta taɓa cika mini waya ba, sai zafi. Tawa mai kyau tana cikin akwati. Zuwa nake in zauna da ke, ban san yadda zan fara miki magana ba."