Rasuwar Gwaggo, Sikanar Shagon Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ƙi kwanciya, Mai Hoto na ƙarƙashin bene yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar sikanarsa, na'urar da ke kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta, wadda aka fi sani da Gwaggo, bayan shekara goma sha uku tana hidima.

Marigayiyar ba ta taɓa raina hoto ba. Wanda ruwa ya jiƙa, wanda gara ta ci gefensa, duk takan rungume su, ta yi "zuuu, ƙirrr", ta fito da fuskar da iyali suka fid da ran sake gani.

Ba ta yi jinya ba. Lafiyarta ƙalau ranar Talata da hantsi, lokacin da ƙanin matar Mai Hoto, mai gyaran kwamfuta, ya kawo shawarar a sabunta babbar manhajar kwamfutar shagon. Sau biyu Mai Hoto yana tambaya ko Gwaggo za ta zauna lafiya da sabuwar. Mutumin ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Yaya, ni ne fa."

Da aka gama, kwamfutar da suka yi shekaru a kan tebur ɗaya ta rubuta, ko kunya babu, wai ba ta san wannan na'ura ba. Aka canza waya, aka kashe aka kunna, shiru. Aka nemi 'yar manhajar da ke yi musu tafinta, kamfanin da ya ƙera Gwaggo ya ce ya daina kula da masu shekarunta, amma akwai sabuwa a kasuwa. Da aka ce a koma tsohuwar manhaja, sai mai gyara ya sosa ƙeya: ashe ya goge ta don a sami wuri.

Abin da ya fi ci wa Mai Hoto rai shi ne har yanzu fitilarta tana kamawa.

Ta rasu ta bar firinta ɗaya, da wata dattijuwa da ke zuwa kullum tambayar hoton marigayi mijinta, wanda aka yi mata alkawarin gyarawa kafin idonta ya ƙarasa dushewa.

Gobe da la'asar za a naɗe Gwaggo a cikin kwalinta na asali, a ɗora ta saman kabad. Ana karɓar gaisuwa a shago. Shi kuwa mai gyara, an yafe masa albarkacin yayarsa, amma ana roƙonsa ya yi tasa ta'aziyyar daga bakin ƙofa, hannuwansa a aljihu.