Izu Hamsin da Tara

Da za a yi wa marigayi kakanmu saukar Alƙur'ani a Daura, Kawu Malam ya zauna zai raba wa masu karatu izu sittin. Na ce, "Kawu, bari kwamfuta ta hutar da kai."

A Ruby, yaren da nake rubuta manhaja da shi, akwai Range, mai jero lambobi daga nan zuwa can. Ni kuwa na ga waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su gama aiki ba, sai na ƙara masa dabarar rabo tawa ta kaina. Har bayani na yi wa dattawan zaure, suna gyaɗa kai don kara. Ban gwada ba, don a ganina gwaji na masu shakkar kansu ne. Ashe ɗigo uku na sa tsakanin ɗaya da sittin maimakon biyu, ɗigo uku kuwa watsar da lambar ƙarshe yake yi.

Aka gama karatu, aka shigo da waina, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai Kawu ya ce, "Dakata, Liman. Wa ya karanta Sabbi, izun ƙarshe?"

Na buɗe kwamfuta ina lalube, kamar izun ya faɗa ciki.

"Injiniya," in ji Kawu, "rufe ta ka yo alwala."

Ni na karanta shi, dattawa suna yi mini gyara, waina tana hucewa.

Har yau Hamsin-da-Tara ake kirana. Matata ma in ƙwai biyar take so, shida take ce mini.