Tsuntsun Da Ya San Babana

Bara da ruwa ya cika fadamar Katuru, na ja abokaina biyu kallon zalɓe da shamuwa. Tun a hanya na sanar da su cewa duk Shinkafi babu mai sanin tsuntsaye kamata.

Can cikin ciyawa wani baƙin kai mai dogon baki ya leƙo. Na rantse wannan daga Turai ya zo, na sa kowa ya kwanta cikin taɓo. Na rarrafa da wayata, na ɗauki hoto har bakwai.

Sai tsuntsun ya miƙe, ya cire kansa. Ashe maharbi ne sanye da kan burtu na farauta.

"Kai ɗan Sani, mi kaka yi nan? Ka kore mini agwagi!"

Har yau ko kaza ta gifta, sai abokaina su ce, "Malam, wannan daga wace ƙasa?"