Okay ɗin da ta tona min asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara ganin Bashir a gadar Ngueli da ke bakin N'Djamena, yana tura babur, jaridar Turanci a hammatarsa. Nan take na yanke hukunci: wannan ne mijina. (Lokacin littattafan soyayyar da ake tsallako mana da su daga Kousseri sun gama cinye min ƙwaƙwalwa.) Da ya tambaye ni ko ina jin Turanci, sai na sunkuyar da kai irin na matan littafi na ce, “Sosai ma.”

Faransanci na yi a makaranta. Turancina kaf kalma ɗaya ce: okay. Amma na ƙware a kanta. In ka ja ta, tambaya ce. In ka datse ta, amincewa. In ka haɗa da ajiyar zuciya, jaje.

Ranar bikin 'yar kawuna a unguwar Diguel, sai ga Bashir da wata baƙuwa, Madam Grace, nas 'yar Ghana da ta kama haya a gidansu.

“Ƙanwata, ga amana. Ba ta jin Larabci, ba ta jin Faransanci, ni kuma ba zan shiga cikin mata ba.”

Muka zauna. Ta yi magana, na ce okay. Ta ƙara, na ja okay. Can ta matso kunnena ta yi raɗa, tana karkaɗa ƙafa. Mata suka zuba min ido.

“Me ta ce?”

“Rawa take so,” na faɗa ba ko ƙiftawa. (Ai ƙafa na gani tana motsi.)

Aka rangaɗa guɗa. Na ja baiwar Allah har tsakar fili, tana turjewa ina cewa okay, okay. Makaɗa suka ƙara wuta. Ta haɗe gwiwoyi, gumi na zuba, mata na tafi suna cewa rawar ƙasarsu ce.

Kakata, wadda ba ta taɓa taka aji ba, ita ce ta ratso filin da buta a hannu.

“Ke, ja'ira! Turancin naki bai gaya miki fitsari take ji ba?”

A gaban lasifika ta faɗi haka. Innalillahi! Kiɗa ya tsaya. Na waiga, Bashir na bakin ƙofa, baki buɗe. Da Kaka ta dawo da baƙuwa daga banɗaki sai ta dube shi ta ce, “Ɗan nan, gobe in ka kawo baƙo, ni za ka nema.”

Bai sake tambayata komai ba, har ya auri wata 'yar unguwar Chagoua. Ni kuwa na koyi cewa “ban gane ba” da harsuna huɗu.

Madam Grace ta zauna a N'Djamena, Larabci ya kama bakinta. Ita ta karɓi haihuwata ta fari. Ina tsakiyar naƙuda ina salati, ta sunkuyo ta ce da Larabci, “'Yar uwa, a kira makaɗa?”