La'asar Mai Minti Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wata La'asar da na ja a Riyad ba, kuma tun yanzu in sauƙaƙa muku bincike: wawan labarin ni ne, da furfurata da komai.

Direba nake a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Aikinmu kashi ɗaya tuƙi ne, kashi tara jira. Ka sauke mudir, wato maigida, da safe, ka koma rumfar ajiye motoci ka zauna har sai ya tuna da kai. Masallaci da ɗan tazara, ga shi ba a son direba ya yi nisa da mota, shi ya sa muke shimfiɗa darduma a nan rumfar, mu goma sha biyu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Ni aka sa limanci. (Boko aji huɗu na tsaya, allo kuma izu biyar, amma gemuna ya fi na kowa cika, shi ya ci zaɓen.) Kuma ina son limancin nan. A Riyad kowa "ya sawwaƙ" yake kirana, wato "kai direba", a kan dardumar nan kaɗai nake Malam.

Wani direba ɗan Filifin mai suna Rudi shi ya nuna mini kartar da ake kira foka a waya. Ya ce akwai gasar kyauta, ba ka zuba ko riyal ɗaya, mutum dubbai su shiga, waɗanda suka kai ƙarshe a ba su 'yan daloli. Ka tara ka tara, ka yi jari, ka shiga manyan gasa. Da yake an toshe irin waɗannan shafuka a ƙasar, ya sa mini wata manhaja da ke sa wayata ta rantse a Turai take. Na zauna na yi wa kaina fatawa: caca ita ce ka zuba naka, ni ban zuba ba, saboda haka sadaka ce Turawa ke rabawa. Ban kai wa kowane malami fatawar ya duba ba, don na san hassada.

Wata biyar ina fama, jarina ya kai dala goma sha ɗaya. Har na fara tambayar farashin fili a Gusau.

Matsalar ita ce gasar nan ba ta san salla ba. In ka tashi, a kowane zagaye ana zaftare maka makin da kake wasa da shi har ka ƙare a zaune. Hutu ɗaya suke bayarwa, minti biyar kafin kowace awa ta cika. To sai La'asar ɗinmu ta fara faɗowa daidai huɗu saura biyar. In an ce lokaci ya yi, in ce a jira wane bai yi alwala ba, jam'i ai haƙuri ne. Da yake kuma karatun La'asar a ɓoye ake yi, babu wanda ya san abin da liman ya rage.

Ranar da abin ya faru, na kai teburin ƙarshe, mu tara, karo na farko a rayuwata. Hutu na shiga na miƙa wa Rudi wayar a bayan mota ya riƙe mini, na ce a tayar. Na yi ruku'u kamar mai neman abin da ya faɗi, na yi sujada kamar ƙasar na ƙuna. A bayana ina jin gwiwoyin Alhaji Illiya na ƙara. (Shi mutumin Maraɗi ne, mai gadi, ya girme ni da shekara goma, kuma tashi daga sujada kawai aiki ne a wurinsa.)

Ina sallamewa sai ga Rudi a bakin darduma, ya cire takalmi saboda ladabi, ya miƙo wayar da hannu biyu, karta ɓaro-ɓaro a fuskarta. Cikin Larabcin titi da duk muke ji ya ce, "Yalla Baba, saura minti ɗaya. Masha Allah, yau ka fi jiya sauri."

Carbi kawai ke tafiya. Ni kuwa, don ku san irin mutumin da kuke karantawa, na karɓi wayar na buga. Aka fitar da ni a zagayen farko, na tara cikin tara, dala uku.

Da Magariba na taho gaba kamar kullum, sai na tarar Alhaji Illiya ya riga ya tsaya a wurina, sahu ya daidaita a bayansa. A ranar na gane cewa limanci ba ya buƙatar takardar sallama. Amma tsoho ba ya faɗuwa bai kama wani abu ba. Na gyara murya na ce, "Alhaji, a yi adalci. Abin nan fa kyauta ne. Wallahi ban taɓa zuba komai ba."

Ko juyowa bai yi ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Ai ko ka zuba, Malam. La'asar tamu ka zuba, ta mutum goma sha biyu, kuma dala uku ka ciyo. Shiga sahu."